Hatimin Sai-a-sake

Duk wadda ta ce mini zama da mai gaskiya daɗi gare shi, zan ba ta aron mijina na sati guda, ta dawo mu yi magana. A masana'antar da muke aiki ni da shi, ba wanda ke kiransa da sunan da iyayensa suka raɗa masa. Sai-a-sake ake ce masa, daga mai gadi har manaja, kuma yana amsawa ko a jikinsa, don maganar da ta fi fita daga bakinsa ke nan tun yana saurayi. Ni Malam nake ce masa a gida, sai in raina ya ɓaci in kira shi da na wurin aiki. Raina kuwa yakan ɓaci kusan kullum.

Aikinmu zubin ƙarfe ne, amma ba na tukwane ba. Ƙananan fukafukai muke yi, waɗanda ke jere a cikin injin jirgin sama a daidai inda wuta ta fi zafi, da kuma manyansu na injinan ba da lantarki. Na jirgin bai fi tsawon tafin hannuna ba. Da haɗin wani ƙarfe mai suna nikel ake zuba su, don baƙin ƙarfe ba ya jure zafin wurin, laushi yake yi. Ni ina ɗakin kaki. Mu ne ke fitar da siffar fiffiken da kaki, mu goge shi, mu manna su a jikin sanda kamar rassa, sai a yi ta tsoma su a ruwan yumɓu har su yi ɓawo, a narkar da kakin ya tsiyaye, a zuba narkakken ƙarfe a gurbinsa. Duk abin da hannuna ya bari a jikin kaki, ko zanen farce ne, ƙarfe zai kwafe shi bai rage komai ba. Shi kuma Malam yana can ƙarshen layi, shi ne mai duban ƙarshe. In ya buga hatiminsa, fiffike ya tafi injin. In ya ɗiga masa jan fenti, ya koma tanderu a narke, wahalar makonni ta bi ruwa.

Hatimin nan bai kai babban yatsa ba, akwai lambarsa a baki, yana rataye a wuyansa da baƙar igiya. Mutumin nan bai taɓa damuwa da mota ba, bai damu da sutura ba, takalminsa ma sai na yi da gaske yake canzawa. Hatimin ne dukiyarsa, shi ne kuma mutuncinsa. Ma'anarsa ita ce idon mai wannan lamba ya ga abin nan, ya kuma yarda a ɗora rayukan mutane a kansa. Na daɗe da sanin cewa ranar da aka cire igiyar nan daga wuyansa, ban san abin da zai rage na mijina ba. Bara kuwa aka zo gaɓar cirewa.

A sashen baƙin ƙarfe Malam ya fara aiki, inda ake yin manyan sandunan tsakiyar injin da boris. A can duba yana da ɗan sauƙi, ana sa wa sandar maganaɗisu, a watsa mata garin ƙarfe, in akwai tsaga sai garin ya taru a bakinta ya tona mata asiri. Da aka mayar da shi ɓangarenmu sai ya tarar haɗin nikel ba ruwansa da maganaɗisu. A nan sai rini da ido. Ana jiƙa fiffike a wani koren rini, a wanke, a shiga da shi ɗaki mai duhu a haska masa shuɗiyar fitila, in akwai tsaga rinin da ya maƙale a ciki ya yi ƙyalli. Daga nan a fito da shi kan farin tebur ƙarƙashin fitila mai ƙarfi, mai duba ya ɗauki gilashin ƙara girma ya bi shi lungu-lungu. A teburin nan Malam ya tsufa. Yana kanne idon hagu, ya kafa gilashi a na dama, ya yi ta juya fiffike kamar mai sayen ƙwai. Yau da gobe har fatar idon hagun ta fi ta daman tamoji, kuma ko lemo zai saya a hanya sai ya kanne shi.

Haɗuwarmu ma ta wannan hali ce. Ina sabuwa a ɗakin kaki, sai ga wani siririn mutum ya shigo da fiffike a hannu, fuska tamau, ya ce zanen farcen wa ne wannan a jikin ƙarfe. Sai ya bi mu tebur-tebur yana cewa a nuna masa hannu, manyan mata da 'ya'yansu, ba kunya ba tsoro. Da ya zo kaina ya dubi farcena, ya dubi fiffiken, ya ce, "Sai a sake." Washegari ya dawo ya ajiye mini abin yankan farce a kan tebur ya fita. Kyautarsa ta farko ke nan, kuma da ina da wayo da tun a nan na gane abin da ke jirana.

A gida ba a sayen kujera sai ya kifa ta ya duba ƙafafu. Tela ya taɓa rantsewa ba zai ƙara yi masa ɗinki ba. Ranar da mai neman babbar 'yarmu ya fara zuwa gaishe shi, Malam ya bar bawan Allah a tsaye da hannu a miƙe, ya tafi ya durƙusa yana duba tayoyin motarsa. Sau ɗaya muka taɓa hawa jirgi, za mu je ganin jika, ya roƙi wani ya bar masa kujerar taga, ya kafa wa injin ido tun tashi har sauka, abincin da aka kawo masa ma ni na cinye. Da na ce masa ai ba ya hango komai daga nan, cewa ya yi shi ma ya sani, amma gara a ce wani yana kallo.

Sai dai gaskiya ɗaya ce, tsawon shekarun nan ba a taɓa dawo da abin da ya buga wa hatimi ba. Manajoji sun zo sun tafi, kowa ya gwada lallashinsa ranar da kaya suka makara, ko gezau. Shi ya koyar da Dogo, abokin aikinsa na teburi na biyu, tun Dogo bai san gaban fiffike da bayansa ba har ya sami nasa hatimin ya yi furfura. Har gobe Dogo ba ya zama in Malam yana tsaye.

To, bara sai jan fenti ya fara yawa. Da farko ɗaya a tire, ba wanda ya damu. Sannan uku, sannan rabin tire. Kullum magana ɗaya, wai akwai tsaga siririya kamar silin gashi a shimfiɗaɗɗen cikin fiffiken, inda ya fi santsi da sheƙi. Tunda Sai-a-sake ne ya faɗa, ba wanda ya yi musu, sai aka shiga neman mai laifi. Aka fara da masu tanderu, aka ce suna saurin sanyaya ƙarfe. Suka ce masu yumɓu ne. Masu yumɓu suka nuna mu. Laifi in ya tashi gangarowa a masana'antarmu a ɗakin kaki yake tsayawa, don mu ba mu da na baya da za mu nuna.

Mun sha wuya, ba kaɗan ba. Aka canza mana kaki. Aka ƙara sanyin ɗakin har yatsunmu suna ƙagewa. Aka sa mu safar hannu biyu-biyu, aka hana mu shafa mai, aka kafa mana mai leƙen farce a bakin ƙofa kamar 'yan makaranta. Matan da muka yi shekaru muna cin abinci a kwano ɗaya suka koma yi mini kallon gefen ido. Ɗaya ta ce mini a gaban kowa, "Ke dai ki riƙa dafa wa mijinki abin da yake so mana, ko ma huta." Na yi dariya da su, amma zuciyata ta yi baƙi ƙirin.

Injiniyar da ke kula da inganci mace ce, ba ta wuce sa'ar babbar 'yata ba, mai haƙuri da sanyin murya. Ita ta fara lura cewa duk fukafukan da Malam ya mayar, rini bai nuna komai a jikinsu ba. Da ta gaya masa, amsa na bakinsa. Ya ce wajen gogewa ne ƙarfe ya shafe bakin tsagar ya rufe ta, shi ya sa rini bai shiga ba. Hakan kuwa yana faruwa, ita ma ta sani. Ta sa aka wanke su da asid don bakin ya buɗe, aka sake rini, babu. Ta sa aka yanka guda a ɗakin gwaje-gwaje aka duba cikinsa, babu. Malam ya ce ba a daidai wurin aka yanka ba. Aka yanka wani a inda ya nuna da hannunsa, ya ce zarton ne ya cinye tsagar. Ta inda yake shiga ba ta nan yake fita ba. Ba wanda ya kawo maganar ido, don bai daɗe da yin gwajin ido na shekara ba, ya tsaya da idanunsa biyu a buɗe ya karance allon har layin ƙasa. Sai wasu suka ce ƙeta ce ta tsufa, wasu suka fara raɗe-raɗin ko kai ne ya taɓu. Wannan ta biyun ita ta fi yi mini ciwo.

Abin bai tsaya a wurin aiki ba. Wata ranar hutu na dawo daga kasuwa na tarar da fararen farantaina na tangaran, waɗanda ƙanwata ta ba ni, an jere su a bakin ƙofa kusa da kwandon shara. Malam na zaune bakin taga da na ƙarshe a hannu, ya kanne ido yana juya shi a rana.

Na ce, "Malam, lafiya? Ƙaura za mu yi?"

Ya ce, "Duk sun tsage. Ki gode wa Allah ba ki zuba miya mai zafi ya rabe miki a hannu ba."

Na ɗauki guda na buga masa cokali, ya yi ƙara ras. Na ce, "Ina tsagar?"

"Ga ta nan, ta taso daga gefe ta nufi tsakiya."

"Dukansu wuri ɗaya suka tsage? Shawara suka yi?"

"Kamfani ɗaya ya yi su, a tanderu ɗaya. Me zai hana?"

"To sauran farantan masu zanen fure fa?"

"Waɗannan lafiyarsu ƙalau, na duba."

Na kwashe farantaina na kai wa maƙwabciya ajiya, na dawo na yi kwana biyu ban yi masa maganar kirki ba. Bai ma lura ba, yana can yana tunanin a ina masu sayar mana da nikel suka fara ha'inci.

Bayan 'yan kwanaki ina zaune a ɗakin cin abinci na ma'aikata, sai ga Injiniya da Dogo sun zo sun sa ni tsakiya. Dogo sai murza hularsa ta aiki yake yi. Injiniya ta ce, "Inna, maganar Malam ce. Daga sama an ce in abin ya ci gaba a karɓi hatiminsa kafin ƙarshen wata. Ni kuma ba na so ya bar wurin nan da sunan wanda ya rikice."

A masana'antarmu akwai wata ɗabi'a da ba a rubuta ko'ina ba. Ba a cewa tsohon hannu ya gaza. In ƙarfin mai tanderu ya ragu sai a ga wani ya riga shi ɗaukar abu mai nauyi. In hannun tsohuwa a ɗakin kaki ya fara rawa, sai ta kusa da ita ta riƙa gyara mata a ɓoye har lokacin ajiye aikinta ya yi, a yi mata rakiya da tafi. Abin da suka shirya wa Malam ke nan. Duk abin da ya ɗiga wa ja, ba za a kai tanderu ba, za a ajiye a wata kanta a baya. Da safe kafin ya iso Dogo zai sake dubawa daga farko, da sanin Injiniya, in ya ga lafiya ya wanke fentin ya buga nasa hatimin. Ritayar Malam ta kusa, haƙuri kaɗan ya rage.

Na ce, "To ni mene ne nawa a ciki?"

Dogo ya ce, "Inna, kin san Malam yana riga mai gadi zuwa. Ke ce za ki riƙa riƙe mana shi."

Wato ni, da na yi shekaru ana tashina da tsawa ana cewa motar ma'aikata ta farko za ta wuce, ni ce zan koma mai nawa. Na yarda, amma da ƙyar, don na san wanda nake aure.

Haka na shiga sana'ar ɓata lokaci da girmana. Yau safarsa ta ɓace, gobe shayi ya ƙi tafasa, jibi na manta katin shiga sai mun kai bakin titi. Wata rana na ce ƙafata ce ke ciwo, ya durƙusa ya kanne ido ya duba ta ya ce bai ga komai ba, na ce a raina yau dai an samu abin da ya wuce. Yana ta faɗa, ina ta ba da haƙurin da bai kai zuci ba. A wurin aiki kuwa abubuwa suka lafa, kaya suka fara fita, aka rage mana sanyin ɗaki, matan suka dawo yi mini dariya ta gaskiya. Shi kuma yana nan yana ɗiga jan fentinsa, yana dawowa gida yana cewa duniya ta lalace, ba a ƙara samun ƙarfen kirki. Ina zuba masa abinci ina jin kamar na sace masa wani abu.

Ranar da abin ya fashe, ni ce na wuce gona da iri. Mun kai tasha, motar farko ta tsaya, na ce na bar murhu a kunne. Ya dube ni ya ce, "Ke dai kin tsufa, Maman yara. Je ki kashe, ni na tafi." Kafin in buɗe baki ya shige mota an ja. Na tsaya ina kallon bayanta, na jira ta biyu.

Tun daga tsakar masana'anta nake jin muryarsa. Da na shiga ɗakin duba na tarar da Dogo a tsaye, tsumma a hannu ɗaya, fiffike a ɗaya, rabin jan fentin a goge. Injiniya na gefe. Masu tanderu da 'yan ɗakinmu sun cika ƙofa.

Malam yana cewa, "Ni za ka bi baya? Abin da na kashe kai ne za ka tayar? Ka san inda wannan zai je? Ka san zafin da zai shiga, da gudun da zai yi? Tsagar nan in ta buɗe a sama, wa za ka ba haƙuri?"

Dogo ya ce, "Malam, wallahi na duba, na sake dubawa. Babu komai."

"Kawo nan."

Ya fizge fiffiken ya zauna a farin teburinsa, ya jawo fitila, ya kanne ido, ya kafa gilashi. Ya ɗauki ɗan tsinken katako da suke nuni da shi, don ba a taɓa ƙarfen nan da fensir, ya ɗora a wurin. Ya ce, "Ga ta. Makaho ma ya gan ta." Dogo ya sunkuya ya duba ya girgiza kai. Injiniya ta duba ta daɗe, ta ce, "Malam, ka yi haƙuri, ban gani ba." Ya ce su kira duk mai ido a masana'antar nan. Ya ce an haɗa baki ne don kaya su fita. Ya ce shi dai ba za a sa hannunsa a kisan kai ba.

A nan haƙurina ya ƙare. Na ture mutane na je na dafa teburin da hannu biyu, na sunkuyo har fitilar tana dukan fuskata. Na ce, "Sai-a-sake, ka ishe mu! Ka ishi masu tanderu, ka ishi ɗakin kaki, ka ishe ni! Wata nawa yatsuna suna daskarewa saboda kai? Farantaina suna gidan mutane kamar 'yan gudun hijira! Bawan Allahn nan rufa maka asiri yake yi, ni ma da ni aka yi, ni ce mai ɓoye maka safa. Kowa a duniya makaho ne sai kai?"

Ya ɗago zai ba ni amsa, ya ajiye gilashin amma idon hagun yana nan a kanne yadda ya saba. Ya tsaya yana kallon kumatuna. Sai ya miƙo babban yatsa ya goge mini fuska, irin gugar da suke yi wa ƙarfe in suna so su san datti ne ko tsaga.

Ya ce, "Me kika shafa a nan?"

Na ce, "Ban shafa komai ba. An hana mu, ko ka manta?"

Ya sake gogewa, wannan karon a hankali. Ya juya ya dubi farar rigar Injiniya. Ya dubi bango. Ya buɗe tafin hannunsa ƙarƙashin fitila ya duba. Sannan ya buɗe idon hagu, ya yi ƙoƙarin rufe na dama, ya ƙi rufuwa shi kaɗai don bai taɓa koyon haka ba, sai da ya danne fatar da yatsa. Ya ɗauki gilashin da hannun da bai saba ba, ya kai idon hagu, ya juya fiffiken ya sake juyawa. Ya daɗe sosai.

Ya ce, "Babu."

Daga baya likita ya gaya mana wani ɗan tabo ne ya fito a can bayan idon daman, siriri, ba ya motsi, ba ya nuna kansa sai mutum ya rufe ɗaya idon ya kalli abu fari ko mai santsi. Duk inda Malam ya kai ido yana kai tsagarsa, kuma da yake bai taɓa zargin idonsa ba tunda aka haife shi, sai ya ɗora wa ƙarfe. Amma wannan bayanin daga baya ne. A ranar dai na ga mijina ya zauna ya yi ƙanƙanta a kujerar da ya fi kowa cikawa, duk fushin da na shigo da shi ya rasa inda zai sauka.

Injiniya ta ce, "Ba komai, Malam. Ai ba a yi asara sosai ba, yawancinsu mun ceto su."

Ya ɗaga mata hannu. Ya ce, "Waɗanda na mayar ba su dame ni ba, 'yata. Waɗanda na wuce fa? Idon da ke ganin abin da babu, wa ya ce yana ganin abin da ke akwai? Duk abin da na buga wa hatimi tun da abin nan ya fara, a tsayar da shi. Wanda ya tafi a kira shi."

Dogo ya ce, "Ba wanda ya tafi ban gani ba, Malam. Tun mayarwar farko da na kasa ganewa nake bin tirenka duka, har da waɗanda ka wuce."

"Ka sami wani abu?"

Dogo ya dubi ƙasa.

"Da kai nake. Ka sami wani abu?"

"Guda ɗaya. A gindin fiffike, wajen da yake shiga ramin da ke riƙe shi a jikin injin. Ƙarama ce amma ta gaske ce. Na cire shi na ɗiga masa ja, na ce a tirena na same shi."

Na ɗauka zai yi godiya, ko ya yi kuka, ko dai wani abu irin na mutane. Sai ya miƙe tsaye, ya ce, "Ka sami tsaga a abin da na buga wa hatimi, ka ɓoye? Ka bar ni na ci gaba da zama a teburin nan? Wa ya koya maka aiki haka? Ranar da ka gani ya kamata ka je ofis ka ce a tashe ni, ko da ubanka ne ni!" Dogo, ƙato da furfurarsa, hawaye na bin fuskarsa, yana ta cewa, "Na yi kuskure, Malam." Ni kuwa na rasa wanda zan fara shaƙewa a cikinsu.

Ba wanda ya nemi hatimin. Shi ya kai hannu wuyansa zai cire, igiyar ta sarƙe da maɓallin rigarsa ta baya, ya ja ta ƙi, ya sake ja. Injiniya ta kawar da kai, mutanen bakin ƙofa suka fara zamewa ɗaya-ɗaya. Na zagaya bayansa na ce ya tsaya. Fatar wuyansa inda igiyar ke kwanciya ta yi fari ta yi santsi, ni kuma ga farce babu, na kasa kama ƙullin.

Ya ce, "A hankali mana, za ki tsinka. Kayan kamfani ne."

Na ce, "Yi mini shiru."

Ya yi shiru, ya sunkuyar da kai don in ji daɗin kwancewa.